Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga sarakunan zango da limaman Accra kan ruwan da ke sauko mana daga kan dutse

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayenmu sarakunan zango na Accra, Allah ya ja zamaninku ya ƙara lafiya. Malamanmu limamai, Allah ya gafarta muku. Da ku 'yan'uwa asambuliman, wato zaɓaɓɓun wakilan unguwanninmu a majalisar gunduma, tun daga Alajo, Nima, Mamobi, Kotobabi, Sabon Zango, Fadama, Sukura har Madina, sannunku da aiki.

Ni ɗanku ne, malamin makaranta, a Alajo nake zaune, kuma abin da nake koya wa yara ya shafi ƙasa da yanayi. Na san yaro ba ya tsayawa gaban manya ya yi dogon bayani, dan Allah ku yi min haƙuri, roƙo na kawo, kuma na rubuta shi a fili ne saboda matasanmu da ke kan waya su ma su gani su sa baki.

Duk shekara in watan Yuni ya kama labarin ɗaya ne. Ruwa ya shiga ɗaki, a fito da katifa a shanya kan katanga, 'yan jarida su zo da kyamara su ɗau hoton gota, wato magudanar ruwa, cike da ledar fiya wata, a ce ai mutanen zango ne ba su da tsafta, ran Juma'a liman ya yi huɗuba kan tsafta, ran Asabar asambuliman ya kira aikin gayya a kwashe yashi da bola a tara bakin gota, kafin motar ɗauka ta iso wani ruwan ya sake mayar da shi ciki. Wallahi ba na musun laifinmu a nan. Wanda ke jiran hadari ya haɗu sannan ya fito da buhun bola ya juye a gota ya cuci maƙwabcinsa kuma Allah zai tambaye shi. Amma iyayena akwai tambayar da ban taɓa jin an yi a wajen taronmu ba, wai shi wannan ruwan da ke cika Odaw, kogin da ya ratsa Accra, har ya tumbatsa, daga ina yake tasowa? Da yashin da muke kwashewa da shebur duk Asabar, wa ya kawo shi, tunda mu dai ba yashi muke zubarwa ba?

Hausawa na cewa ruwan da ya dake ka shi ne ruwa. To mu mutanen bakin Odaw sau da yawa ruwan da bai dake mu ba shi ke kwana a ɗakinmu. Na ga daren da abin da aka yi a unguwarmu bai wuce yayyafi ba, mutane suka kwanta hankali kwance, can cikin dare sai ihu, ruwa ja mai laka ya hau har gwiwa. Jan nan da ke cikinsa ƙasar kan tudu ce, ba ta Alajo ba.

Duk wanda ya taɓa shiga trotro, motar haya, daga Madina zuwa Aburi da ke kan dutse ya san abin da zan faɗa ko da bai taɓa sa masa suna ba. Kana ƙasa zufa na karyo maka, da mota ta wuce Ayi Mensah ta fara hawa ta nufi Peduase sai ka ji iska ta canza, kana isa Aburi wani lokacin hazo ya rufe hanya direba ya kunna fitila da rana tsaka, ka leƙa ƙasa ka hango Accra rana na dukanta. Tsayin wurin bai wuce mita 400 da wani abu ba, amma ya isa ya canza yanayi. Dalilin shi ne iskar damina da ke zuwa mana daga teku, ta kudu maso yamma, ɗauke take da danshi mai yawa. In ta samu fili shimfiɗaɗɗe sai ta wuce abinta. In ta ci karo da dutse ba ta da hanya sai hawa, kuma iska duk sanda ta hau sanyi take yi, duk mita 1,000 zafi na raguwa da wajen digiri 6. Iska mai sanyi ba ta iya riƙe danshin da mai zafi ke riƙewa, sai danshin ya dunƙule ya zama gajimare, gajimare ya yi nauyi ya zubo. Iyayenmu mata na ganin irin wannan kullum a murhu, tururi ya tashi daga tukunya ya taɓa murfi mai sanyi ya koma ɗigon ruwa. In iskar ta tsallake dutsen ta gangara ɗaya gefen ta riga ta sauke kayanta, tana sauka tana ɗumi, shi ya sa bayan dutse ke zama da ƙarancin ruwa.

A ƙasashen zafi irin namu abin ya fi ƙarfi saboda iskarmu tana da ɗumi, iska mai ɗumi kuma ta fi ɗaukar danshi, ga shi dama a shirye take ta tashi, kaɗan take jira a tura ta. Rana ta gasa gefen dutse tun hantsi, iskar da ke kansa ta yi zafi ta fara hawa, iskar teku ta biyo bayanta da azahar, kafin la'asar gajimare ya yi gini a kan tudun ya yi baƙi, sai tsawa. Kuma saboda dutsen ba ya motsi, hadarin na iya tsayawa wuri guda yana ta zuba, wani na mutuwa wani na haɗuwa a daidai inda na farkon ya haɗu. Ruwan da zai bazu a faɗin gari sai ya taru kan gangare ɗaya ya bi rafi ɗaya. A nan haɗarin yake.

Kakanninmu sun ce hadarin gabas shi ne hadari, kuma gaskiya suka faɗa. Danshin daga teku yake zuwa ta ƙasa-ƙasa, amma manyan hadaran nan masu iska da ke kwashe kwano daga gabas suke tahowa su yi yamma. Masu bin gajimare ta tauraron ɗan'adam sun daɗe da lura cewa da yawansu kusa da tuddai suke fara haɗuwa da yamma, wajen tudun Jos, duwatsun Kamaru da Adamawa, duwatsun Azbin a Nijar, sannan su kama tafiya cikin dare su ratsa ƙasashe. Mu ma a gabas da arewa maso gabas ɗinmu akwai jerin duwatsun Akwapim da Togo, wanda ya faro daga nan bayan Accra ya bi ta Amedzofe da Afadjato, mai tsayin wajen mita 885, ya shiga Togo har Atakora a Benin.

Wani abin da mutane ba sa yarda in na faɗa shi ne Accra na cikin wuraren da suka fi ƙarancin ruwan sama a duk kudancin Ghana. Abin da muke samu a shekara wajen milimita 800 ne, Kumasi na samun wajen 1,400, Axim can yamma ya haura 2,000, Tamale ma da muke ce wa arewa ta fi mu. Gaɓar tekunmu ta kwanta ne kusan a layi ɗaya da yadda iskar ke kaɗawa, ba ta tare ta ba, ga ruwan tekun nan yakan yi sanyi wajen watan Agusta ya hana gajimare tashi. Shi ya sa filin da ya tashi daga Accra zuwa Dodowa da Ada ciyawa ce da shanun Fulani, amma kana hawa Akwapim sai kurmi. Ba banza ba Tetteh Quarshie ya shuka koko a Mampong na Akwapim a 1879, ba banza ba kuma Turawa suka buɗe lambun Aburi a 1890. 'Yan kasuwarmu masu bin hanyar Kumasi su tuna yadda gajimare ke zama kan duwatsun Kwahu in an iso Nkawkaw, gefen nan kore shar, in ka tsallaka ka gangara filin Afram sai ƙasa ta fara buɗewa bishiyoyi su ragu. To ku duba, garin da ruwansa bai kai na Tamale ba shi ne duk shekara ake nuna shi a talabijin yana iyo. Wannan kaɗai ya isa ya sa mu tambayi ta ina ruwan ke bi da kuma saurin da yake zuwa da shi.

In ana son ganin ƙarshen abin da dutse ke yi da iskar teku a leƙa maƙwabta. A gindin Dutsen Kamaru, wanda ya haura mita 4,000 kuma yake tsaye a bakin teku, akwai ƙauyen Debundscha da ke samun sama da milimita 10,000 a shekara, ya ninka namu fiye da sau 12, amma garuruwan da ke ɗaya gefen dutsen ko rabin haka ba sa gani. A Indiya akwai Mawsynram da Cherrapunji a kan duwatsun Khasi, su ma sun haura 11,000, saboda iskar damina ta taso daga teku ta ratsa filin Bangladesh ba abin da ya tare ta sai da ta zo ta yi karo da su. Su suna sama ruwan na gangarewa ya bar su, mutanen Bangladesh da ke ƙasa su ke kwana cikinsa. Wanda ke da dangi a Najeriya ya tambaye su bambancin damina a Kagoro da Kafanchan, da ke gefen tudun Jos mai fuskantar iska, da garuruwan da ke bayan tudun ta arewa maso gabas. Namu duwatsun ƙanana ne a kan waɗannan, ban ce Aburi Kamaru ba ce, kuma ruwa mai ƙarfi yakan sauka a tsakiyar Accra kanta ya yi ɓarna ba tare da taimakon kowane dutse ba. Amma in aka haɗa na sama da na ƙasa a dare ɗaya, shi ne ake samun irin daren da ba ma mantawa.

Yanzu ku biyo ni mu bi Odaw daga kansa. Daga gindin duwatsun Akwapim yake tasowa, wajen Abokobi, ya biyo ta Ashongman da Haatso, ya zo Achimota, ya iso Alajo inda rafin Onyasia ke haɗuwa da shi, ya wuce Avenor da Circle da Agbogbloshie ya faɗa tafkin Korle sannan teku, tafiyar wajen kilomita 30. Can sama gangare ne ruwa na gudu, nan ƙasa wajenmu shimfiɗa ce, kusan daidai muke da teku, sai gudun ya mutu ya sauke duk yashi da lakar da ya kwaso a cikin magudanar. Yashin Asabar ɗinmu ke nan. In kuma aka yi rashin sa'a lokacin teku ya cika ne, Korle ba ya iya amayarwa, Odaw ya tsaya cak, ƙananan gotoci irin babban gotan Nima da Mamobi su rasa inda za su juye nasu, sai su koma da baya su shiga lungu.

Lissafin ba wuya. Milimita 1 na ruwan sama a kan fili mai faɗin mita 1 da tsawon mita 1, lita 1 ke nan. Rufin gida mai mita 10 kowane gefe in aka yi ruwan milimita 50, wanda hadari ɗaya mai kyau ke iya saukewa cikin awa guda, zai zubo da lita 5,000, babban tankin roba cike. A fili mai kilomita 1 kowane gefe lita miliyan 50 ne. Da can da gangaren nan yake da bishiyoyi da gonaki, ganye ya tare wani, saiwa ta riƙe ƙasa, ƙasa ta sha wani ta riƙa sakinsa a hankali cikin kwanaki, abin da zai iso mana ya iso da sauƙi. Yanzu ku hau ku duba da idonku. Tun daga Kwabenya, Ashongman, Abokobi, Oyarifa har jikin dutsen kansa an yanka fuloti, an sare bishiya, an fasa dutse ana sayar da tsakuwa, an yi gidaje manya-manya kowanne da katanga da rufin kwano, tsakar gida an malale shi da siminti ko tayil ko tafin hannu na ƙasa ba a bari ba, an huda katanga an sa bututu yana feso ruwa kan hanya. Kowane mai gida ya raba kansa da ruwansa lafiya lau. Ruwan nan duk a lokaci ɗaya yake haɗuwa ya gangaro, kuma wajenmu yake zuwa.

Abin da ke ci min rai ke nan iyayena. Bayan musibar 3 ga Yuni 2015, daren da ruwa da wuta suka haɗu a gidan mai na Circle mutum sama da 150 suka rasu, Allah ya jiƙan musulmin cikinsu ya ba iyalan kowa haƙuri, ba a yi wata guda ba katafila ta shiga Old Fadama ta rushe ɗakunan talakawa da ke bakin Korle, mutanen da yawancinsu daga arewa suka zo neman abinci, 'yan kayayo, wato mata masu dakon kaya a ka, da masu tura baro. Na yarda gini a kan hanyar ruwa kuskure ne ko na waye. Amma ban ga an hau sama da irin wannan zafin an tambayi masu sare gangare da masu sayar da filin da bai kamata a taɓa ba. Talaka na ƙasa shi ruwa ke ci, shi kuma ake ɗora wa laifi, shi ake rushe wa ɗaki.

Kuma kar mu ce na sama su sun tsira. A ranar 14 ga Agusta 2017, bayan kwanaki ana ruwa a Freetown ta Saliyo, gefen dutsen Sugar Loaf ya zaftaro da asuba a unguwar Regent, laka da duwatsu suka bi kwari har teku, waɗanda suka mutu da waɗanda ba a gani ba sun haura 1,000, da yawa suna barci. Gangaren nan an daɗe ana sare dajinsa ana gini. A Oktoba 2019 irin haka ta faru a Bafoussam ta Kamaru, mutum sama da 40. Ƙasar gangare in ta sha ruwa ta ƙoshi nauyinta na ƙaruwa, riƙonta na raguwa, in an riga an yanke gindinta don a samu wurin kafa gida kuma babu saiwar da za ta riƙe ta, sai ta taho gaba ɗaya. Direbobin hanyar Aburi sun san yadda duwatsu ke gangarowa kan titi tsakanin Ayi Mensah da Peduase in damina ta yi nisa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa.

'Yan'uwanmu na yammacin gari nasu dutsen ya fi nisa ma. Kogin Densu daga dajin Atewa yake fitowa, can wajen Kyebi, ya yi tafiyar sama da kilomita 100 ya biyo ta Nsawam kafin ya taru a dam ɗin Weija, inda rabin garin nan ke shan ruwa. In aka yi ruwa mai yawa a tuddan can dam ya cika dole a buɗe ƙofa, in ba haka ba ya fashe, sai mutanen Tetegu da Oblogo da Weija su ga ruwa a ɗaki alhali sama tas take a kansu, kamar yadda aka gani a Oktoba 2022. Atewa ɗin nan shi ne kuma mafarin kogunan Birim da Ayensu, ga 'yan galamse masu haƙar zinari ba bisa ƙa'ida ba na cin gefensa, ga maganar haƙar bauxite, ma'adinin da ake yin alminiyam da shi, da aka daɗe ana ja-in-ja a kai. Masu kare daji da malaman jami'a da wasu shugabannin coci sun yi ta magana. Mu da ke shan ruwan kuma muke kwana cikin ambaliyarsa ya kamata a ji muryarmu fiye da yadda ake ji yanzu. Mutanen Mepe da Battor da aka buɗe wa dam ɗin Akosombo a 2023, da mutanen arewa da ke zaman ɗar-ɗar duk shekara in za a buɗe dam ɗin Bagre a Burkina, duk ciwo ɗaya ke damunmu, ruwan wani wuri ne ke iso mana.

Allah gafarta malamai, ku kun fi ni sanin cewa wannan ba baƙon ilimi ba ne a wajenmu. A cikin Suratul Mursalat Allah ya ambaci dogayen duwatsu kafaffu, a ayar nan guda kuma ya ambaci shayar da mu ruwa mai daɗi. Makka kanta a cikin kwari take duwatsu sun kewaye ta, ruwanta kaɗan ne amma in ya sauka kan duwatsun nan gaba ɗaya yake gangarowa Harami. A zamanin Sayyidina Umar ambaliya ta shiga har ta ɗauke Maƙamu Ibrahim daga wurinsa, da ya zo ya mayar da shi sai ya sa aka yi shinge a can saman gari inda ruwan ke biyowa don a karkatar da shi. Ta sama ya tare matsalar. A 1941 ma ruwa ya sake cika Harami har aka ɗau hoton masu ɗawafi da iyo. To in mun ce ambaliya ƙaddara ce gaskiya ne, tare ta ma daga inda take tasowa aikin magabata ne.

Ga roƙona. Ruwan da ya sauka a Abokobi ba nan take yake isa Alajo ba, sai ya yi tafiya, kuma wannan ɗan lokacin ko rabin awa ne dukiya ce, ya isa a ɗaga tsohuwa a kai ta gidan bene, a kwashe yara, a kashe mitar wuta, a ɗora takardun makaranta da buhun shinkafa kan sif, mai shago a Avenor ya janye kayansa. Muna da abin da ko gwamnati ba ta da shi, masallaci a kowane lungu da lasifika da ladan da ba ya barci mai nauyi, kuma akwai musulmi a duk tsawon kogin nan daga sama har ƙasa. Me zai hana majalisar sarakuna ta sa a haɗa guruf ɗaya na WhatsApp, mutum biyu-biyu amintattu daga kowane masallacin Juma'a da ke bakin Odaw da Onyasia, na sama in ya ga ruwa ya wuce misali ko rafi ya kai wata alama da aka shafa wa fenti a jikin gada sai ya sanar, na ƙasa ya ɗau lasifika. Guruf na wannan aikin kaɗai, ba na tura wa'azi da tallan atamfa da siyasa ba, dan in ya cika da surutu ranar da saƙon gaske zai zo ba mai buɗewa. Na yammacin gari su yi irinsa da mutanen Nsawam. Kuma in za a sanar a sanar da Hausa da Twi da Ga da Dagbani, ruwa in ya zo ba ya tambayar addinin mai ɗaki.

Ma'aunin ruwan sama ba tsada gare shi ba, ko gorar roba da rula ana iya haɗa shi. A sa a makarantun Islamiyya na sama da na ƙasa, yara su riƙa dubawa duk safiya suna rubutawa a littafi. Damina biyu kawai in aka yi haka za mu san da hannunmu cewa in aka samu kaza a sama to ruwa na kaiwa kaza a ƙasa, kuma in mun je gaban hukuma da takarda za mu je. Ni na ɗau alkawarin koya wa duk malamin da ke so, kyauta.

Sai maganar da ta fi nauyi, wadda ku kaɗai ke iya faɗinta a ji. Cikin masu gini a kan tudun nan akwai namu, alhazan da Allah ya buɗa wa suka tashi daga Nima da Newtown suka koma sama, da yaranmu na Jamus da Amurka da ke turo kuɗi a yi musu gida, iyayensu kuwa har yau suna nan ƙasa. Ba wanda ya ce kar su yi gini, Allah ya ƙara arziki. A faɗa musu ne in sun zo gaisuwar sallah ko ɗaurin aure su bar wani ɓangare na tsakar gida ƙasa, su shuka mangwaro ko darbejiya, su sa tanki ya tare ruwan rufi wanda dama suna sayen ruwa a tanka da rani, kar su yanke gindin gangare a tsaye su bar shi ba tokari, kar su sayi fili a cikin kwari ko da mai sayarwa ya rantse ruwa ba ya bi. Ni in na faɗa za a ce hassada ce ta malamin makaranta. In sarki ya faɗa ko liman ya faɗa a kan mumbari magana ta zauna. Kuma sarakunan ƙabilar Ga da na Akwapim da ke da ƙasar can abokan zamanku ne, kuna haɗuwa a taruka, ku kuke da bakin da za ku ce musu filin da ake sayarwa a sama mu yake kashewa a ƙasa.

Wajen hukuma kuma, tun 2019 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 don aikin magance ambaliya a kwarin Odaw da ake kira GARID, wanda ya haɗa da yashe kogin, gyaran magudanu, gyaran unguwanni irin Nima da tsarin gargaɗin ambaliya tun kafin ta iso. Asambuliman ɗinmu ku nemi zama da su ku tambaya a gaban jama'a ina aka kwana, musamman maganar tafkunan da za su riƙe ruwa a can sama kafin ya gangaro, dan yashe Odaw kaɗai in ba a tare yashin daga tushensa ba kuɗi ne ake zubawa duk shekara. Ku nemi hukumar hasashen yanayi da NADMO, hukumar agajin gaggawa, su riƙa ba da sanarwarsu da Hausa a rediyo da waya, kuma su riƙa faɗin inda ruwan zai fi sauka, dan jin cewa za a yi ruwa a kudancin Ghana ba ya gaya wa matar da ke Alajo ko ta kwana da shiri. Ina kuma roƙon a kai wannan magana gaban babanmu Limamin Ƙasa Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, Allah ya ƙara masa lafiya, saboda in ofishinsa ya ce a ware Juma'a ɗaya a watan Maris duk masallatai su yi huɗuba kan wannan, za a yi.

'Yan'uwa na Kumasi da za su ga wannan, ku ma garinku tudu da kwari ne, abin da rafin Subin da rafin Aboabo ke yi muku in an yi ruwa kun fi ni sani, ku duba ko wani abu a nan zai yi muku amfani.

Babbar damina tana farawa ne wajen Afrilu ta yi ƙarfi a Yuni, ƙaramar kuma Satumba zuwa Nuwamba, dan haka lokacin shiri shi ne rani, sanda gota ya bushe kowa ya manta. Ina roƙon majalisar sarakuna ta sa rana kafin Maris ta kira limaman Juma'a da asambuliman da shugabannin matasa da na mata, a ɗau mota ɗaya ko biyu a bi Odaw tun daga Korle har Abokobi a hau Aburi, kowa ya gani da idonsa, a dawo a zauna a raba aiki. In an sa ranar a sanar a masallatai, zan zo da taswira da ɗalibaina.

Allah ya ja zamanin sarakuna, Allah ya gafarta wa malamai. Wassalamu alaikum.

Ɗanku,
wani malamin makaranta daga Alajo, Accra